Tsado Mai Fiton La'asar

Duk taron da za a yi a garinmu Emitsado, suna ne ko naɗi ko saukar karatu, sai wani dattijo ya miƙe ya gyara babbar riga ya tuna mana da hangen nesan Tsado. Wai shi ne ya dubi bakin Kwara, a zamanin da babu komai a wurin sai ƙyauro da sauro, ya hango kasuwa. Na daɗe ina yarda. Sai wata rana kakata Nnako Teni, tana bandar kifi, ta ba ni labarin da mata suka riƙe, wanda ta ji daga bakin tata kakar, ita kuwa wannan ta ga Tsado da idonta yana da furfura. A wajen mata, mutumin nan bai taɓa hango kasuwa ba. Iyakar hangensa bukkar da ke maƙwabtaka da tasa.

Tsado gajere ne mai faɗin ƙirji, ƙafafunsa a gwame irin na wanda ya girma a tsaye cikin jirgi. Shi da amininsa Jiya suka sassaƙa jirgi guda suna fito, Jiya a goshi, shi a baya. Wajen tsakiyar ƙarni na sha tara ke nan, lokacin da fatake ke gangarowa daga Katsina da Kano da kanwa da tufafi, za su Gwanja neman goro. Sukan kwana a gaɓar arewa, gari na wayewa a fara fito. Kaya da mutane a cikin jirgi, jakuna a ruwa. Da ƙyar da jan wutsiya ake tura jaki, wani na zaune a gefen jirgi ya ɗaga masa kai da igiya, yana iyo yana huci har a kai gaɓarmu ta kudu. Jakin da ya fito ruwa kuwa ba a ɗora masa akumari sai bayansa ya bushe sarai, in ba haka ba ya yi gyambo, a rasa shi a tsakiyar hanya. To amma ranar hantsi ba ta wasa. Kafin ta take tsaka jakuna sun bushe, an yi lodi, an kaɗa su gaba. Abin da fatake ke bar wa gaɓarmu kashin jaki ne kawai.

Wata damina zazzaɓi ya ɗauke Jiya. Ya bar matarsa Wusa, doguwa, mai baki, mai hannun miya, wadda ya auro daga wani ƙauye can cikin tudu a tsallaken arewa. Da ta fita takaba ta gangaro bakin ruwa ta tarar da Tsado yana kankare filafili.

"Yaya Tsado, yayana Legbo ya aiko. In an yanke shinkafa zai zo ya tafi da ni."

"To."

"To kawai?"

"To, Allah ya kai mu, matar Jiya."

"Amin. Dama zaman me zan yi a nan? In tuƙa tuwo in sayar wa kwaɗi?"

Ta tsaya kaɗan ko zai ƙara wani abu. Ya ci gaba da kankara har filafilin ya kusa zama muciya.

Dattawa sukan ce kunya ce ta hana shi magana, kunyar amini. Ni ina ganin abin ya fi haka zurfi. Da a ce bayan rasuwar Jiya ya fara ganinta, da ya aika da goro kamar kowa, ba wanda zai ce komai. Mutumin da ya kasa aikawa shi ne wanda ya san tun yaushe yake kallo, yake tsoron in ya buɗe baki mutane su lissafa baya su gane. Tsado bai ci amanar Jiya ba ko da ƙyaftawar ido, amma shi ya san abin da ya haɗiye, shi ya sa ya hukunta kansa da shiru. Sai dai shirun bai kai ga barinta ta tafi ba.

Ayarin da ya biyo baya na Madugu Jatau ne, Bakatsine, ƙaton mutum mai dariya kamar tsawa. Mu Nufawa da Katsinawa kuwa kun san wasan da ke tsakaninmu, kowa na kiran wani bawansa, ba a haɗuwa a rabu ba a taɓa juna ba. Ranar, da sassafe Tsado ya ajiye ƙaton kifi a ƙofar Wusa, ya koma ya kifar da jirginsa a kan yashi yana ƙwanƙwasawa kamar mai neman tsaga. Fatake na tsallake suna ɗaga rawuna suna kira. Sai da hantsi ya ɗaga sosai ya tura jirgi.

"Kai Banufe!" in ji Jatau tun kafin jirgin ya taɓa gaɓa. "Kifi ne ya haɗiye ka ya amayo?"

"Ruwan ne bai kwanta ba, Madugu."

"Wannan ruwan? Ai har fuskata nake gani a ciki."

"Shi ya sa bai kwanta ba. Ya tsorata."

Fatake suka bushe da dariya, Jatau ya yi masa daƙuwa, aka fara lodi. Tsado ya ce yau kaya za a fara kaiwa, kaɗan kaɗan, don jirgin na shan ruwa. Bayan kaya mutane. Jakuna sai ƙarshe. Jakin farko bai taɓa ruwa ba sai bayan azahar, na ƙarshe ya fito ana sallar la'asar, yana karkarwa, rana ta riga ta yi sanyi. Jatau ya shafa bayan dabbar, ya dubi sama, ya ce a sauke zango.

Ga mutane sun wuni ba su sa komai a baki ba, ga ƙamshin miyar wake da kifi na tashi daga bukkar Wusa. Ta tuƙa tuwon shinkafa ya ƙare, ta sake tuƙawa. Ta fito da ƙuliƙuli da dakuwar da ta tanada don guzurin komawa gida, aka wawashe. Ta aika maƙwabta su ranto mata shinkafa. Da safe ayari ya tashi, Jatau na suɗe yatsa yana cewa bai san bayinsa sun iya miya haka ba.

Haka Tsado ya yi wa ayari na biyu, ya yi wa na uku. Masu dawowa daga Gwanja ma, da suke isowa ta gefenmu, ya ce su jira azahar, su ma suka zauna suka ci na safe da na rana. Da aka yanke shinkafa Legbo ya zo, ya tarar da ƙanwarsa tsakanin tukwane, mata na daka mata, ko zama ba ta yi ba.

"Yaya, ka gani dai. Bari rani ya wuce."

Gari ba ya tambayar dalilin da aka kafa shi, zuwa kawai yake yi. Jakunan da suka kwana suna son ci, sai mutanen ƙauyuka suka fara kawo ciyawa dami dami. Wani baduku Bakano da ƙafarsa ta kumbura a hanya ya tsaya jinya, ya ga akumarai na yagewa ba mai ɗinki, bai sake tashi ba. Maƙeri ya zo saboda baduku na son basilla, ya zauna saboda masu jirgi na son ƙusa. Wata Bayarabiya daga Ilori ta kafa rumfar zannuwa, ta jawo ƙannenta. Fatake suka lura matanmu na neman kanwa ido rufe, suka fara kwance mangala a nan maimakon su kai gaba. Wani malami ya kewaye fili da zana ya kira salla. Jirgi ɗaya ya daina isa, 'yan'uwan Tsado suka gangaro da nasu daga sama, suka tarar da ƙa'ida, suka bi: ba a sa jaki a ruwa kafin azahar.

Da baƙi suka yawaita tambayar dalili, sai dalili ya samu. Aka ce kogi ne ba ya son jaki da safe. Aka ce wani ya taɓa gwadawa ruwa ya juye da shi, ba a dai san sunansa ba. Wata tsohuwa ta ɗora wa kanta yanka kaza a bakin ruwa duk farkon rani don kogi ya ci gaba da haƙuri. Kakata ta ce in Tsado ya ji ana koya wa yara wannan, sai ya sunkuyar da kai ya wuce da sauri.

Legbo kuwa duk kaka sai ya zo, duk kaka Wusa ta ba shi uzuri da kyautar kifi. A nan ma ban yarda da masu cewa jiran Tsado kawai take yi ba. Tana jiransa, haka ne. Amma mace ce da ta tashi a hannun uba, ta koma hannun miji, sai ga shi karon farko ta wayi gari ba mai ce mata ina za ki. Ayari guda na layi a gabanta, madugai na ce mata Inna. Shirun Tsado ya yi mata daɗi na wasu shekaru, ba za ta musa ba. Shi ma Legbo ba kewa ce zalla ke kawo shi ba. Ya ga abin da hannun ƙanwarsa ke tarawa, ya fi so ya taru a ƙofar gidansa.

Abin ya lalace ne lokacin da wani mai jirgi, Gana, ya buɗe fito can ƙasa da mu, tafiyar wuni. Shi ba ruwansa da azahar, da asuba yake zuba jakuna a ruwa, kogi bai ce masa komai ba. Fatake masu sauri suka fara karkata can. Rani bai raba ba aka ga masu ciyawa na komawa da damunansu, Bayarabiya ta fara tambayar hanyar fiton Gana.

Tsado ya rame. In ya koma fiton safe, a ganinsa, ba wanda zai sake kwana a gaɓarmu. In ya tsaya kan azahar, ba ma wanda zai zo. Ta ko'ina tukwanen Wusa za su huce. Shi mutumin ruwa ne, a saninsa duk abin da ba a ɗaure ba tafiya yake yi, kuma igiya ɗaya ya sani da ke riƙe da matar nan, ita ce ciniki. Bai taɓa kawo wa ransa akwai wata ba.

Da Legbo ya zo a wannan shekara, Wusa ba ta ba shi kifi ba. Ta ce ya kwana biyu ta haɗa kaya. Ta gaji, kuma daɗin zaman kai ya fara gundurarta. Ta naɗe tukwanenta cikin tabarmi a tsakar gida, a fili, inda duk mai wucewa zuwa bakin ruwa zai gani. Tsado ya wuce, ya gani, ya ce sannu da aiki.

Ranar tafiya ta zo daidai da dawowar Jatau daga Gwanja. Huhunan goro jibge a bakin ruwa, ana yayyafa musu ruwa, shi kuwa goro ba ya son rana ko kaɗan. Tun jiya Jatau ya faɗa, in ba a ƙetare da shi da safe ba, wannan ne zuwansa na ƙarshe. Gari duk ya gangaro, wasu rakiyar Wusa, wasu kallon yadda za a ƙare da madugu. Tsado na tsugune a kan yashi kusa da jirgi.

"Malam Tsado," in ji Legbo, "mu dai ba mu da jaki. A kai mu tun da sanyi."

Sai a lokacin Tsado ya ga ramin da ke cikin dabararsa. Ƙa'idar da ya kafa jakuna take tsarewa, ba ta ce komai a kan mace da tukwanenta ba. Ya shafa gefen jirgin, murya can ƙasa.

"Yana ɗan yoyo."

Jatau ya fashe da dariya har rawaninsa ya kwance.

"Yoyo! Jama'a kun ji? Bawana, taso nan. A'a, zauna abinka, daga nan ma za su ji ni. Mutanen Emitsado, shekara da shekaru gajeren nan na jiƙa mini jakuna da yamma ina biye masa, don tuwon na da daɗi. Ni na ƙetare kogin nan da safe a Rabba, na ƙetare shi da safe a wajen Gana, ko atishawa bai yi ba. Kogi ba ruwansa da jaki. Matar nan yake so! Ita yake tsare wa ayari tun ranar farko, ya kasa faɗa, don Banufe in ya hau tudu bakinsa a ruwa yake bari."

Da wani ne ya faɗi haka a bainar jama'a, a kan matar mamaci da amininsa, da an zare wuƙa. Amma Bakatsine ne. Bakinsa a kanmu ba shi da shamaki, wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Baduku ne ya fara ƙyalƙyalewa, sai mata suka ɗauka.

"To kajina fa?" in ji tsohuwar nan mai yanka. "Kajin da na yi ta zubarwa fa, ɗan nema?"

"Ki bi shi, Iya, ga shi nan a tsugune," in ji Jatau.

Jatau ya sa aka farke huhu guda, ya cika ƙwarya da farin goro, ya dire a gaban Legbo.

"Tunda bawana ne, ni ne ubansa. Ga goronmu, muna nema."

Kada a ɗauka tausayi ne ya motsa shi. Rana na hawa, goronsa na kan yashi, ya lissafa ya ga ƙwarya guda ta fi sauƙi a kan ya juya ayari zuwa fiton Gana. Legbo ya dubi goron, manya manya, irin wanda bai taɓa riƙewa ba, hannunsa ya fara miƙewa da kansa.

"Yaya, mayar da hannunka," in ji Wusa. Ta juya wajen Jatau. "Madugu, kai za ka aure ni?"

"Ni? Da wannan bakin naki? Ina da sauran kwana."

"To ka matsa. Kai ka ɗauka labari ka ba ni? Matar mai jirgi ce ni. Tun ranar da ya kifar da jirgin nan yana ƙwanƙwasa na ji ƙarar, lafiyarsa lau. Na yi shiru in ga iyakar gudunsa. Ga shi har na fara furfura." Ta dubi Tsado. "In akwai mai magana da ni, ya yi da bakinsa. In babu, a ɗora tukwanena."

Tsado ya miƙe. Ya dubi jama'a, ya dubi yashi. Sai ya juya ya tura jirgin cikin ruwa ya haye, ya dogara gwangwala ya ja baya. Mutane suka ɗauka gudu zai yi, har wani ya ce a tare shi. Da ya yi nisan jifa ya kafa gwangwalar ya tsaya, ya cika ƙirji.

"Wusa!"

Sai da tsuntsaye suka tashi daga ƙyauro. Ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinsa.

"Na'am. Ina ji, tsallake ma suna ji."

"Kada ki tafi!"

"Don me?"

Ya gyara riƙon gwangwalar.

"In na taso daga tsallake, hayaƙin murhunki nake bi. In kin tafi ban san inda zan dosa ba."

"Hayaƙi? To in bar maka murhun mana."

"Da ke a gindinsa!"

Guɗa ta tashi. Wusa ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, abin da ba a taɓa gani ta yi ba, amma muryarta ba ta yi laushi ba.

"Ka ji sharaɗina tun kana kan ruwa, inda kunnenka ke aiki. Rumfata tawa ce, ba ta shiga gidanka. Kuma yau ɗin nan, yanzu, ka ƙetare da jakunan bawan Allahn nan."

"Bawan Nufawa dai," in ji wani daga baya.

"Yaya Legbo, ɗauki goronka," in ji Wusa.

Aka tura jakin farko rana ba ta kai hantsi ba. Duk da abin da kunnuwansu suka ji, rabin garin sun riƙe numfashi har jirgin ya kai tsakiya, tsohuwa na ta motsa baki. Ba abin da ya faru, sai wani jaki da ya ciji mai riƙe da shi. Legbo aka kai a zuwan ƙarshe, shi da ƙwaryarsa, kuma an ce ba a taɓa ganin jirgi ya yanka Kwara da gudu irin na wannan zuwan ba. Wai ko da ya sauka sai da ya zauna a ƙasa jiri ya sake shi.

Labarin fiton safe ya bi hanya, ayarori suka dawo. Abin da ya ɗaure wa Tsado kai har ya tsufa shi ne, da yawansu sai su ƙetare da safe, jakuna su bushe, su kuma ƙi tafiya. Wannan na jiran baduku, wancan bai gama sayar da kanwa ba, wani ya yi aure a bayan masallaci bai gaya wa kowa ba. Yakan tambayi Wusa me ke tsayar da su, ta ce ya je ya tambaye su, ita tana da aiki.

Sun haifi 'ya'ya mata, duk suka gaji bakin uwar. Da ƙarfinsa ya ƙare ya bar wa 'ya'yan 'yan'uwansa jirgi, ya koma rumfar Wusa yana fere mata kifi a kan wani guntun turmi. A nan kakar kakata ta san shi. Ta ce baƙi kan ɗauka ɗan aiki ne, su miƙa masa ƙwarya ya wanke, ya karɓa ya wanke. Wata rana wani bafatake da ya sha jin sunan garin a hanya ya tsaya a kansa.

"Baba, don Allah ina zan ga mai wurin nan?"

Tsado ya nuna Wusa da wuƙar, tana can tana yi wa mai ciyawa faɗa, ya ci gaba da fere kifinsa.